Shekarar da Na Shuka Ɗoɗɗoyar Indiya

Na san abin da ake gaya muku, domin ni ma kunne gare ni. Ana cewa uwarku ce ta raba gidan Bagadaza saboda ganye, ta ɗauke babanku daga gaban mahaifiyarsa ta kai shi dajin Arawa. Wasunku sun ji a bakin dangi wajen biki, wasunku sun ji tun suna makarantar allo. Babu wanda ya taɓa tunkarata da maganar, sai dai in ga ana kallon tukwanen da ke bayan madafina ana haɗa ido. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, don haka zan faɗa muku yadda aka yi tun ina da sauran hankalina, kada wata rana ku ba 'ya'yanku rabin labari.

Gidanmu na unguwar Bagadaza a nan Gombe kakanku ne ya gina shi, bayan ya taso daga ƙasar Katsina da fataucinsa. Ban same shi da rai ba. Da aka kawo ni, Inna, mahaifiyar babanku, ce babba a cikin gida, sai Bappanku Sule, yayan babanku, wanda nake kira Yaya, shi ke riƙe da ƙofar gida. Hatsi yake sayarwa a kasuwa, shi ke jan sallah a zaure idan ruwa ya hana zuwa masallaci, kuma shi ya yanka ragon sunan ɗan farina da hannunsa. Kada ku ɗauka mugu ne. Mutum ne mai kyauta, mai tsare gidansa, amma idan magana ta fita daga bakinsa, to ta fita ke nan, ko da dutse za ta faɗa a kai. Matarsa Hansai faccalata ce, amma zaman da muka yi da ita ko 'yan ɗaki ɗaya sai haka. Babanku kuwa kun san shi: kafinta ne mai sanyin hali, ba ya faɗa da kowa, sai dai in ya zauna gaban akushi yana son ya ba da labari a yi dariya.

A wancan zamanin akwai malamai 'yan Indiya da yawa a makarantun sakandare, gwamnati ta ba su gidaje a GRA. Babanku yana zuwa gyaran kujeru da ƙofofi a gidan ɗaya daga cikinsu, har matar gidan, Madam Mira, ta tambaye shi ko matarsa za ta so koyon ɗinki, don ita kaɗaici ya dame ta. Inna ta yarda, Yaya ya ɗan yi gyaran murya sannan ya bari. Nakan goya 'yar'uwarku Rabi in tafi da hantsi in dawo kafin la'asar. Ta koya mini yankan riga da taka keke, ni kuma na koya mata taya kaya a kasuwa, don kafin nan masu tumatir yankan rago suke yi mata. Hausarta ta kurma da bebe ce, Turancina kuwa babu shi, amma mun fahimci juna.

A ƙofar ɗakinta akwai wani ɗan gini kamar murhu mai tsayi, da shuka a kansa. Ranar da na fara gani na ce ai ɗoɗɗoya ce, irin wadda muke sa wa a miya. Da na murza ganyen na shinshina sai na ji ba ita ba ce sak. Ganyen ya fi na tamu ƙanƙanta, da ɗan gashi-gashi, jikinsa da duhun ja, ƙamshinsa kuma ya karkata wajen kanumfari. Ta ce a wurinsu tulsi sunanta. Ba zan ɓoye muku komai ba: Madam tana girmama shukar nan a addininta. Da safe tana zuba mata ruwa tana motsa baki, da yamma ta kunna mata 'yar fitila. Na gani da idona. Ita da addininta, ni da nawa, kuma lokacin azahar ita ce ke shimfiɗa mini tabarma a ɗakin ɗinki ta ja ƙofa. Abin da ya haɗa ni da ganyen shayi ne. Inna tana da tari mai tashi duk lokacin sanyi, na kawo mata ganyen na dafa da citta, ta sha ta ce maƙogwaronta ya buɗe. Daga nan kullum zan fita sai ta ce kar in manta da ganyen Indiyawa.

Da aikin mijinta ya ƙare za su koma ƙasarsu, Madam ta bar mini keken ɗinkinta, ta kuma murzo busassun kawunan shukar a tafin hannunta ta ƙulle mini irin a bakin mayafina. Iri ne baƙi, ƙanana ƙwarai, riɗi ma babba ne a kansu. Ta riƙe hannuna tana ta maimaitawa:

"Asabe, ba binne. Shi yana so rana. Sama-sama, ba binne."

Muka yi kuka ni da ita, ban sake ganinta ba.

Na dawo gida na gyara ɗan wuri a bayan ɗakina, inda nake da albasa mai lawashi da na'ana'a da 'yar ɗoɗɗoyarmu ta gida. Inna ta jawo kujerarta ta zauna tana kallo. Ita 'yar manoma ce, a gona aka yanke cibiyarta, kuma ba ta yarda akwai wani abu game da ƙasa da baƙuwa za ta koya mata ba. Da ta ga ina shirin barbaɗa iri a fili sai ta ce:

"Ke Asabe, sadaka za ki yi wa kaji?"

"Inna, haka ta ce a yi. Wai ba a binne shi."

"Wai. Tun da nake ban taɓa ganin irin da ya fi ƙarfin rami ba. Tona, zuba, ki take da dunduniya, yadda ake wa gero."

Uwar miji ce, kuma don ita ake shukar. Na tona na zuba na take. Amma Allah Ya sa ban zuba duka ba, na rage ɗan kaɗan a ƙullin. Muka yi ta ban ruwa, muka yi ta leƙe. Ciyawa ta fito, wani ƙwallon tumatir da ba wanda ya gayyace shi ya fito, ganyen Indiyawa shiru. Inna ta ce ƙasar Gombe ce ba ta karɓe shi ba, a bar zancen.

Ni ban bari ba. Na sami wata tsohuwar tukunyar ruwa da gindinta ya tsage, na tankaɗe ƙasa da rariya kamar mai shirin tuwo, na haɗa da yashi da busasshen kashin awaki da ya daɗe ya huce. Na jiƙa ƙasar tukuna, sannan na barbaɗa sauran irin a sama, na danna da tafin hannu kawai. Na yafa tsohon gidan sauro a bakin tukunyar saboda kaji. Ban ruwan ma ba da moɗa ba, don ruwa mai ƙarfi zai wanke irin ya kai shi gefe. Sabuwar tsintsiya nake tsomawa a ruwa in yarfa. Bayan mako guda da 'yan kwanaki, wata safiya na ɗaga gidan sauron na ga ƙasa ta yi kore-kore, 'yan ganye bibbiyu kamar kan allura. Na kira Inna. Ta zo ta sunkuya ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙe tana riƙe da ƙugu.

"To, shi wannan ɗan sarauta ne, ba ya shiga rami. Allah Ya raya."

Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma a wurin Inna wannan babbar sallamawa ce.

Da suka yi ganye hurhuɗu zuwa shidda na cire masu rauni, na dasa masu ƙarfi a jere jikin katanga, inda rana ke samunsu da safe, inuwa ta rufe su da yamma. Duk wanda ya kai tsawon taƙi sai in tsinke kansa da farce, don ya yi rassa maimakon ya miƙe kamar sanda. Kafin wani lokaci bayan ɗakina ya cika, iska in ta kaɗa har zaure ake jin ƙamshi. Matan unguwa suka fara aiko yara a tsinko musu na mura. Na yi alfahari da wurin nan, ba zan ƙi faɗa ba. Ni da ba ni da gona, ba ni da gado a garin, ga abin da babu shi a duk Bagadaza ya fito ta hannuna.

Sai rani ya shigo. Ku da kuka tashi bayan an jawo ruwan famfo daga madatsar Dadin Kowa ba za ku gane abin da ake nufi da ruwa a Gomben da ba. Garwa guda sai a yi mata rabon gado: na sha, na girki, na wanke yara. Ba wanda zai ga kana zuba wa ganye ruwa mai kyau ya ƙyale ka. Saboda haka na yi dabara irin ta kowace mace mai shuka. Ruwan wankin shinkafa na kai musu, alwalata kuma na maida ita gindinsu. Sau biyar a rana ina tsugune a gabansu da buta, ruwan da ya sauka daga fuskata da hannuwana ya shige ƙasarsu. Da haka suka rayu har suka yi fure, suka fara ɗaukar iri.

A cikin ranakun nan ne babanku ya yi abin da ya dame shi har ya koma ga Allah. Suna cin tuwo a zaure da Yaya da maƙwabta, wani ya yaba ƙamshin, shi kuma bakinsa ya yi daɗi. Ya ba su labarin yadda matar Ba'indiye ke kunna wa shukar fitila tana yi mata magana kamar mutum. Aka yi dariya, aka wanke hannu, aka watse. Yaya ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya riƙe maganar a ransa, ya kuma fara lura da inda nake tsugunawa da buta.

Wata magariba, bayan na idar da sallah, na tuna na ga ganye a ɓule da rana. Tsutsa ce ke ci, irin koren nan da ba a ganinta sai rana ta faɗi ta fito. Na ɗauki aci-balbal na ajiye a gindin shukar, na durƙusa ina ɗaga ganye ɗaya-ɗaya ina cire su. Ina yi ina mita, don ni ko da tsutsa ce sai na gaya mata abin da ke raina. Ban ji shigowar Yaya ba. Ku dubi abin da idonsa ya gani: mace a durƙushe, fitila a gaban shukar Indiyawa, baki yana motsi. Da ya tambaye ni, da hannuna cike da tsutsa zan buɗe masa. Bai tambaya ba. Ya koma tsakiyar gida ya ɗaga murya, har matan maƙwabta suka leƙo ta katanga.

"Inna, fito ki ga abin da ake yi a gidan ubanmu. Shirka ake yi. Matar ƙanena ta koma bautar ganye."

Na taso da fitilar a hannu. Na durƙusa nesa da shi yadda aka saba, na ce:

"Yaya, tsutsa nake cirewa. Ga su."

"Kin ɗauka ban ga inda kike kai alwalarki ba? Gobe kafin in dawo daga kasuwa ki tuge su duka, ki yi istigfari."

"Yaya, gida naka ne. Da ka ce ƙamshin ne ba ka so, ko wurin kake bukata, wallahi yanzu zan tuge su da hannuna, ba sai gobe ba. Amma a kan wannan kalmar ba zan taɓa su ba. In na tuge, na amsa ke nan."

"Ni kike mayar wa magana?"

"Ba magana nake mayarwa ba. Sunana nake roƙo ka mayar mini."

Inna tana tsaye a ƙofar ɗakinta, ba ta ce uffan ba. Ta fi kowa sanin gaskiya, ita ke shan shayin. Amma babban ɗanta ne ya yi magana a gaban mutane, kuma ba za ta ƙaryata shi a gaban matar ƙanensa ba. Na gane hakan yanzu da na zama uwar maza. A ranar ban gane ba, shirunta ya fi kalmar Yaya yi mini zafi.

Babanku ya shigo ɗaki yana ba ni haƙuri, yana cewa shi ya jawo da bakinsa. Ya ce in tuge kawai a zauna lafiya, ai kowa ya san ni. Na ce masa in kowa ya san ni, to a faɗa a tsakar gida inda aka faɗi waccan. Ya je ya sami Yaya da asuba, ya bayyana masa zancen ruwa da zancen tsutsa. Yaya ya ce shi abin da ya gani ya gani. Da ya dawo daga kasuwa ya tarar da su suna nan, sai ya naɗe hannun rigarsa ya tuge su da kansa. Sun riga sun bushe a kai, iri ya nuna, ina jiran in tara. Ya haɗa su dami ya ja su a ƙasa tun daga bayan ɗakina, ta gaban madafi, ta ƙofar Inna, ta ƙofar ɗakinsa, ya fitar ta zaure ya watsa a bola. Ina ɗaki ina jin ƙamshin ya cika gida, ban fito ba, ban kuma yi kuka a gaban kowa ba.

Na yi zaton abin zai tsaya nan. Ganye ya tafi, amma kalmar ta zauna. Akwai wata maƙwabciyarmu da muka shekara muna musayar kwano, in na yi dambu in aika mata, in ta yi ɗanwake ta aiko. Na aika mata da tuwo, aka dawo mini da kwanon a rufe yadda ya tafi. Masu kawo ɗinki suka fara aiko a karɓi yadinsu ba a ɗinka ba. Duk wannan na haɗiye. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne ranar da ɗan farina, kai da ba na faɗin sunanka, ka dawo daga makarantar allo da riga a yage da jini a leɓe. Na tambaye ka, ka ƙi magana, sai da na matsa ka ce yara ne ke kiran ka ɗan mai bautar ganye. Sannan ka ɗago ka dube ni ka ce:

"Umma, da gaske ne?"

Ba ka tuna ba, na sani. Ni kuwa ko yau na rufe ido ina ganin fuskarka.

Ban yi yaji ba, kada wani ya gaya muku na yi. Ban ɗaga wa kowa murya ba, ban fasa gaida Yaya da safe ba, ban fasa kai wa Inna ruwan wanka ba. Na dai gaya wa babanku cewa aurena da shi yana nan daram, amma ba zan raini 'ya'yana a gidan da za su riƙa shakkar sallar uwarsu ba. Ko dai Yaya ya janye, ko mu nemi wuri. Ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki. Yana da ɗan fili a Arawa da ya fara ɗaki ɗaya ya tsaya a linta. Arawan lokacin ba wadda kuka sani ba ce mai shaguna da makarantu da 'yan Keke suna ta hon. Gonaki ne da 'yan gidaje jefi-jefi, in dare ya yi sai kukan kwaɗi. Wata safiya ya ɗauki zarto da guduma ya tafi can bai ce da ni komai ba, da yamma ya dawo da ƙurar katako a gashinsa ya ce in fara haɗa kaya. Ya zaɓe ni a kan zauren ubansa, kuma har ya rasu bai taɓa goranta mini ba.

Ranar tashi na shiga sallama da Inna. Tana zaune a bakin gado tana jan carbi. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ajiye carbin ta ce:

"Taurin kanki irin nawa ne, shi ya sa ban iya yi miki faɗa. Tashi ki je. Ki riƙa turo mini yaran."

Muka tare a ɗaki ɗaya babu ko filasta, ƙofar ma buhu muka rataya kafin babanku ya haɗa ta katako, ka ji gidan kafinta. Ruwa sai an je nesa. Maƙwabtanmu na farko wasu Tangalawa ne, Maman Istifanus da mijinta malamin firamare, su suka ba mu aron randa suka nuna mini inda ake samun itace. Ba su tambaye ni abin da ya kawo mu ba. Na kafa kekena a ƙarƙashin rumfa, ɗinki ya fara zuwa kaɗan-kaɗan, yawanci kayan makarantar yara da na coci. Abin da ke cin raina shi ne irin Madam ya ƙare. Ko ƙwaya ɗaya ban tsira da ita ba.

Damina ta sauka sosai, sai ga Hansai ta yi sallama da hantsi, ta sha tafiya, tana ɓoye da wani abu a cikin mayafi. Ta zauna ta sha ruwa, sai ta kama dariya har da riƙe ciki. Ta fito da gwangwanin madara, ga 'yan shuke-shuke a ciki da ƙasarsu.

"Asabe, ganyenki ya ci gidan. Duk inda mai gidan ya ja damin nan ya fito. Gaban madafi, ƙofar Inna, bakin zaure. Wanda ya fi kyau ma a ƙofar ɗakinsa yake, dab da inda yake ajiye takalmi."

"Shi ya ce me?"

"Ya sa yara su tuge, bayan an yi ruwa wani ya fito. Yanzu tsallakewa yake yi kamar bai gani ba. Inna kuwa ta kife kwando a kan na ƙofarta, ta ce duk wanda ya taɓa ita da shi."

Shi da kansa ya yi shukar yadda ake so, sama-sama, babu binnewa, kuma ya fi ni yalwar hannu. Muka yi dariya ni da Hansai har muka koma kuka. Waɗanda ta kawo a gwangwanin nan su ne kakannin duk wanda kuke gani a bayan madafina yau, da wanda ke gidajenku, da wanda matan Arawa suka karɓa suka kai garuruwansu. Duk shekara ina barin wasu su yi fure su bushe, in murza in adana, in shuka sabo.

Amma Yaya bai janye ba. Babanku yana zuwa gaida shi, a gaisa a tsaye a rabu. Ni kuma na ɗaura wa kaina cewa ba zan riƙa zarya a gidan da aka kira ni da wannan suna ba, sai ranar Juma'a in je in gaida Inna, in yi mata wanki da kitso, in fito kafin a dawo daga masallaci. Shekara ba ta zagayo sau biyu ba Inna ta kwanta. Ranar Talata ta cika, a hannun Hansai. An ce ta tambaye ni da safen, aka ce mata sai Juma'a.

Shekaru suka wuce, ku kuka girma, wasunku har sun yi aure. Sai Allah Ya kira Yaya aikin Hajji. Kun san al'ada, mai tafiya yakan bi dangi da maƙwabta yana neman gafara, don ba a san mai dawowa ba. Ya aiko Hansai da goro, wai a yafi juna a kan duk abin da ya wuce. Na karɓi Hansai hannu biyu, na ce ta mayar da goron. A nan ne wasunku suka ce na cika riƙo, har Rabi ta yi fushi da ni ta ce tsoho ne, me ya rage. Bayan kwana biyu sai ga shi da kansa, da sanda, ya tsaya a ƙofar gidan nan da bai taɓa takawa ba. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, na durƙusa na gaishe shi.

"Asabe, na zo ki yafe mini."

"Yaya, duk abin da ke tsakanina da kai na yafe tuntuni. Guda ɗaya ce ta rage, ita kuma ba a nan aka faɗe ta ba."

Ya jawo sandarsa. Na zaci zai tashi ya tafi, don na san halinsa. Sai ya ce in zo Bagadaza gobe bayan la'asar.

Na je da babanku. Ya tara gidan kaf, 'ya'ya da surukai da jikoki, ya aika aka kira maƙwabta, mata suka tsaya ta bakin katanga. Ya miƙe a tsakar gida ba tare da sandar ba, ya ce shekarun baya ya tsaya a wurin nan ya jefi matar ƙanensa da kalmar da ba a jifan Musulmi da ita. Ya ce zato ya bi, an gaya masa gaskiya washegari, girman kai ya hana shi karɓa. Ya ce kowa ya shaida ya janye. Na ce na yafe duniya da lahira, Allah Ya kai shi lafiya Ya dawo da shi lafiya. Babanku ya juya fuskarsa ga bango. Ban taɓa ganin girman Yaya kamar na ranar ba, kuma ina so ku riƙe masa wannan, ku riƙa zumunci da 'ya'yansa.

Da na ɗaga kai na dubi taron, sai na ga yawancinsu ba a haife su ba lokacin da aka yi abin. Waɗanda suka ji jifan daban, waɗanda suka ji janyewar daban. Shi ya sa har yau rabin farko ne ke yawo a bakin mutane, shi ya sa kuma na zauna na rubuta muku wannan. Ba ganye na zaɓa a kan dangin ubanku ba. Na ƙi ne in amsa sunan da ba nawa ba, don ku iya bin sallata ba tare da kun yi tambaya ba. Da za a mayar da ni waccan magaribar, da fitilar a hannuna, wallahi ba zan tuge ba. Abu ɗaya kawai zan sake: ba zan jira Juma'a ba kafin in je wurin Inna.